Kaset a Ƙarƙashin Matashin Boeta

Tun ranar da Waanie ya dawo Cape Town, Galiema ba ta yarda da kwat ɗinsa ba. A ce mutum ya shekara ashirin da bakwai a ƙasashen ƙanƙara, ya dawo gida a Janairu, lokacin da garin yake tsakiyar zafi, amma kullum yana naɗe cikin kwat mai kauri, aljihun hagu a kumbure kamar an cusa rabin burodi. Ƙanenta ne ciki ɗaya, ita ta yi rainonsa, don haka babu ɗan jaridar da zai koya mata halinsa. Su rubuta Riedewaan Majiet da manyan baƙaƙe, su ce yatsunsa a kan fiyano sun ɗaga sunan ƙasa a duniyar jaz. Ita dai Waanie ta sani, wanda yake sulalewa daga wurin karatun Alƙur'ani ya tafi zauren cocin unguwa, inda wata tsohuwa take barinsa ya taɓa fiyano in ya share mata ƙasa.

Ba kiɗan ne ya raba shi da gida ba, ko da yake mahaifinsu, Boeja, bai taɓa ƙaunar abin ba. Karin murya ne ya raba su. Boeja shi ke jan gadat a unguwarsu ta District Six, zikirin nan na safiyar Lahadi da na ranakun addu'ar mamaci, kuma yana da kari biyu da ya gada daga kakansa, na buɗewa da na rufewa. Kalmomin kowa ya san su, suna cikin littafi. Yadda ake ɗaga su a murya ne ba a rubuce ba, sai dai ɗa ya zauna a bayan uba ya ɗauka da kunne. Mai ja ya fara, jama'a su amsa.

Shekara biyu da tafiyar Waanie Turai, Boeja ya shiga shagon aski ya ji karin buɗewarsa yana fitowa daga garmaho, da ganga da ƙaho a bayansa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya kawo faifan. A mashaya aka ɗauke shi, ana jin kofuna suna karo, a tsakiya ma wata mace ta tuntsire da dariya. Boeja ya zauna aka gama masa askinsa, ya koma gida, ya ce abin da ya shiga mashaya ba ya dawowa kan tabarma. Har ya koma ga Allah bai sake ɗaga wannan kari ba, buɗewa sai dai a karanta ta a miƙe kamar wasiƙa. Faifan kuwa shi ya yi wa Waanie suna.

Saura ɗaya ke nan, na rufewa, wanda ake sallamar mamatan gida da shi. Da shi aka sallami Boeja. Bayan an rushe unguwar an watsa mutane, babban wansu, Boeta Armien, ya taho da shi Hanover Park a cikin kansa, tare da Galiema da keken ɗinkinta da mahaifiyarsu, Oemie. A watan Oktoba Oemie ta rasu, kwana biyu da binne ta Boeta ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Addu'ar bakwai da ta arba'in sai jama'ar aro aka kira daga Athlone, suka yi da nasu karin, mai daɗi ne, amma na wasu ne. Yanzu Boeta ya dawo gida, bakinsa ya ɗan karkace amma maganarsa tana fita. Addu'ar kwana ɗari ce ta rage, daga ita babu wata, kuma Galiema ta ɗauki alkawari a ranta cewa da karin Boeja za a sallami Oemie.

To, a wannan tsakanin ne Waanie ya ga damar dawowa. Bai samu jana'iza ba, bai samu arba'in ba.

Maƙwabciyarsu Janap ce ta fara tsegunta mata, ta kan katanga, tana shanya.

"Liema, ƙanenki fa akwai zumunci. Talata da Alhamis ba ya fashi."

"Wace Talata? Ni Lahadi nake ganinsa, in ya zo cinye min fanken koesister."

"Au, ai kina gari lokacin. Da kin fita kama jirgin ƙasa na ƙarfe goma, kafin a ce me sai ga shi. Su shige ɗakin Boeta su ja ƙofa, har taga suke rufewa, a wannan zafin." Janap ta matse zanin gado. "Ni dai ban ce komai ba."

Ta faɗi duk abin da ta zo faɗa. Talata da Alhamis ne Galiema take kai ɗinkin amare wani shago a cikin gari, kuma babu wanda ya san haka sai 'yan gida. Da yamma ta tambayi Boeta ko ya yi baƙo, ya ce wa zai zo wurin rabin mutum. Boeta da ko a wasa ba ya ƙarya, yana faɗa yana kallon bango.

Kwana uku bayan haka mai kifi ya naɗo mata kifi a jarida, sai ga fuskar Waanie maiƙo ya jiƙa masa goshi. Ta shimfiɗa takardar a kan tebur ta karanta a tsaye. Wai zai shiga situdiyo ya yi faifansa na farko a ƙasar haihuwa, wai faifai ne na komawa tushe, na muryoyin da ya tashi a cikinsu, na addu'a. Ranar da za a fara ɗauka Litinin ce, washegarin kwana ɗarin Oemie. Ta naɗe kan kifin a cikin fuskar ta kai shara.

Ranar Lahadi Waanie ya zo da kwat ɗinsa, ya zauna a kicin yana cin koesister, yana lasar kwakwarsa a yatsu.

"Ba ka jin zafi ne?" in ji ta. "Kawo in rataye maka."

"Jinina ya zama na Turawa, Tietie. Sanyi nake ji." Tietie yake kiranta tun yana yaro, wato yaya.

"Jinin Turawa ai zafi zai sa ka ji."

"To, kin kama ni. Ado nake yi."

"Me ke cikin aljihun?"

"Maganin tari. Kina so?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Tietie, da 'yan sandan filin jirgi sun ɗauke ki aiki, da ba a taɓa shigo da komai ƙasar nan ba."

"Na ga za ka yi faifan addu'a."

"Haka suka rubuta."

"Addu'ar wa?"

"Wadda Allah ya ba ni."

"Na farkon ma Allah ne ya ba ka?"

Ya ɗauki wani koesister ya juya shi, ya mayar. Da aka zauna ɗan zikirin safe a falo, su uku da dattawa biyu na layin, Galiema ta zauna daga ƙofar kicin ba don zikirin ba. Hannun Waanie take kallo. Bakinsa yana amsawa kamar na kowa, idonsa a rufe kamar na waliyyi, amma yatsun hagunsa suna tafiya a kan gwiwa, ɗaya bayan ɗaya, suna danna abin da babu. Da aka zo rufewa Boeta ya ce ya gaji, a yi fatiha kawai. Har ta gode wa Allah a ranta, tana cewa Boeta ma ya gane ɓarawo ne a ɗakin.

Alhamis ta shirya kamar mai tafiya gari, ta ɗauki jakar ɗinki, ta je tasha ta zauna jirgi biyu suka wuce, sannan ta dawo ta lungun baya. Ƙofar Boeta a rufe. Ta cire takalmi ta matsa. Murya take ji ƙasa ƙasa, ba ta iya rabe ta wa ce, a ɗaga kaɗan a tsaya, a sake. Sai wani ƙaras, irin na maɓallin rikoda. Sai muryar Waanie a fili: "Sake, Boeta. Daga farko. Kada ka yi sauri." Mutum mai ciwo, wanda da ƙyar yake riƙe cokali, ana tatsarsa kamar saniya. Ta so ta banke ƙofar, amma ta san Waanie, zai mayar da abin wasa, ya fita da kayansa a aljihu. Ta koma tasha da jakarta, ranar ɗinkin amarya ya makara.

Ba ta sha wahalar nema ba. Jumma'a da ɗan Janap ya kai Boeta masallaci a mota, ta shiga canza zanin gado, ta ɗaga matashi, ga ta nan: 'yar rikoda baƙa, daidai aljihun kwat, da kaset a ciki. Wato har barin masa ita yake yi, don in abin ya zo wa tsoho shi kaɗai ya danna ya zuba. A jikin kaset ɗin an rubuta kalma ɗaya da rubutun Waanie mai kama da tafiyar kaza: Rufewa.

Ta zauna a bakin gado da abin a hannu. Ta yi tunanin ta danna ta ji, sai ta ga in ta ji karin Boeja yana fitowa daga cikin na'ura, ita ma ta shiga cikin laifin. Ta kai shi teburin ɗinki, ta sa tsinken allura ta zaro zaren kaset ɗin, ta yi ta ja har ya taru a cinyarta, ta ɗauki babban almakashinta na yankan leshi. Ba ta bar guntun da ya kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta share, ta ƙulle a leda, ta mayar da rikodar inda take, fanko. Rabon da ta ji sanyi a ranta haka tun kafin rasuwar Oemie.

Boeta ya dawo ya shiga ɗaki. Ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa. Yana zaune da rikodar a hannunsa mai lafiya.

"Ke ce?"

"Ni ce. Kuma Waanie ba zai sake shigo min gida ba sai an gama addu'ar Oemie. Ya yi wa Boeja, ba zai yi maka ba."

Boeta ya dube ta. Sai ya kwanta ya juya mata baya.

"Kin yi naki, Liema," in ji shi. "Ja min ƙofa."

Kunya ce, ta ce a ranta, kunyar an kama shi yana biye wa ƙaramin yaro. Ta aika wa Waanie saƙo otal ɗin da ya sauka. Bai kira ba, bai zo ba, wannan ma ta ƙara shi a kan shaidunta.

Safiyar kwana ɗari aka fitar da kujeru, aka shimfiɗa fararen zannuwa a falo daga bango zuwa bango, aka kunna turaren wuta. Mata sun cika kicin, tukunyar madara mai ƙamshi tana kan wuta. Maza suka yi ta shigowa da fararen riguna da jajayen dara, tsofaffin District Six da aka watsa, wani daga Manenberg, wani daga Mitchells Plain, wasu ba su ga juna ba tun jana'izar Boeja. Ba don madara suka hau bas biyu ba, kowa ya san abin da ya zo ji.

Waanie ya zo da farar riga, da kwat a kai. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Uwata ce ni ma, Tietie."

"Daga dakali ma ana jin addu'a."

Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke cire takalma suna yi kamar ba su ji ba, ya koma ya zauna a kan dakali a cikin rana.

Aka zaunar da Boeta a gaba, an tokare shi da matasai. Ya karanta buɗewa a miƙe kamar yadda aka saba. Zikiri ya yi ta tafiya, ɗakin yana amsawa, har Galiema ta saki jiki ta jingina da ƙofar kicin. Aka zo rufewa. Dattawa suka gyara zama, wani ya cire tabarau.

Boeta ya buɗe baki, kalmomin suka fito daidai, amma a miƙe, babu hawa babu sauka. Ya tsaya. Ya yi gyaran murya ya sake, muryar ta ɗan ɗaga tana lalube, ta kama wani abu ta bi. Galiema ta gane shi nan take. Karin buɗewa ne, wanda Boeja ya binne, kuma ba yadda Boeja yake yinsa ba, yadda yake a faifai, har da 'yar lanƙwasar nan da fiyano yake yi kafin matar ta yi dariya. Shekara da shekaru ana jin sa a tasi da shaguna da gidajen biki, ya shiga kan kowa. Dattawa suka ɗago kai. Boeta ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi shiru, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye.

Babu wanda ya karɓa, don babu mai iyawa. Su amshi suka sani, sai an ɗaga musu suke bi. Galiema ta ce a ranta ai ita ta sani, ta ji shi sau ɗari tana bayan labule. Ta neme shi a kanta. Amshin yana nan, farkon babu. Ta sake nema, abin da ya zo mata shi ne na faifan, wanda take raira wa keken ɗinki ba tare da ta lura ba. Tsoro ya kama ta sosai.

"Liema," in ji Boeta, bai juyo ba, a gaban dukan mazan. "Tun da na faɗi ya fita daga kaina. Kalmomin suna nan, karin ya tafi. Je ki kira min malamina."

Ta bi ta tsakanin gwiwoyin mutane ta fita. Waanie yana kan dakali, ya ji komai ta taga.

"Muryar wa ce a kaset ɗin?" ta tambaye shi.

"Tawa. Ba da fiyano ba, da baki, a banɗakin otal. Boeta yana sauraronsa safe da yamma, ya kusa kamawa. Ya rantsar da ni kada in gaya miki, kada mutanensa su ji mai jan gadat yana koyo a wurin ɗan mashaya."

"Kai ina ka same shi?"

"Inda Boeta ya samu. Shi yana bayan Boeja ta dama, ni ta hagu. Kin manta ke kike sa min hula?" Ya yi tari. "Faifai goma sha ɗaya na yi, Tietie. Akwai lokacin sanyin da na kwana uku ban ci abinci ba a Copenhagen, mai kamfani yana bina yana cewa ba ni da wani irin na farkon? Ina da shi. Yana nan inda yake."

Sai ta ce, "Ana jiran ka."

Ya miƙe, ya cire kwat ɗin da kansa ya miƙa mata. Ba tare da kwat ba ashe ƙashi ne kawai a cikin rigar.

Bai zauna a gaba ba. Ya durƙusa a bayan Boeta ta hagu, ya kai bakinsa kusa da kunnensa, ya ɗora yatsunsa a kafaɗarsa mai lafiya. Babu wanda ya ji muryar Waanie. Yatsun dai suka fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta gan su a kan gwiwa. Boeta ya ja numfashi ya ɗaga. Ya yi rawa a farko, ya kusa zamewa, yatsun suka danna, ya dawo. Sai ga shi, na Boeja, da hawansa a hankali da saukar nan da take sa mutum ya sunkuyar da kai. Ɗakin ya amsa gaba ɗaya, tsofaffi suna kuka ba kunya, mata a kicin suka bar tukunya.

Galiema tana tsaye a bakin ƙofa da kwat a hannu, tana kuka ita ma. Kuma Allah ya sani, tana kukan hannunta yana cikin aljihun hagu. Hali ne, ba ya fita rana ɗaya. Kwalbar maganin tari ta samu, da hular saƙa tsohuwa wadda ta ci wanki har ta koɗe, irin ɗinkin Oemie. A ɗaya aljihun akwai katin situdiyo, an rubuta Litinin, ƙarfe tara.

Bayan an sha madara an raba abinci mutane sun ragu, ta same shi a dakali yana ɗaura takalmi. Ta miƙa masa kwat ɗin.

"Kin gama binciken?"

"Gobe me za ka buga musu?"

"Abin da na saba. Duk abin da na taɓa bugawa daga bayan Boeja na ɗauko shi, da ɗan abin da tsohuwar cocin nan ta koya min. Wannan ɗaya ne ban taɓa ba."

"Kuma ba za ka taɓa ba."

"In na ce miki a'a, za ki yarda?"

Ba za ta yarda ba, kuma ya sani. Ta taga tana hango Boeta an kwantar da shi, yana motsa baki, yana neman abin da ya ɗaga ɗazu, da alama ya sake kuɓuce masa. Waanie ya sunkuya yana tari, tari mai tsawo wanda ya sa ya dafa bango. Ta tsaya tana kallon bayansa. A duk duniya nan kaɗai karin Boeja ya rage, a cikin wannan ƙirjin, ɗayan da ke akwai ita ta sa masa almakashi.

"Talata ka zo," in ji ta. "Ba zan je gari ba."

"Gadi za ki yi mana?"

"Ta hagu zan zauna. Ka fara da ni daga farko, kada ka yi sauri."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa take yi ba. Ya sa hannu ɗaya a cikin kwat ɗin.

"Wannan kwat ɗin kuma," in ji Galiema, "a nan waje za ka bar shi."